Mai Tuta da Gonar Shinkafarsa

Akwai wani mutum manomi a wani gari da ake kira Tudu, yana da gonar shinkafa a fadama, can gangaren rafi. Gonar tana da faɗi, ta fi ƙarfin mutum biyu. Shi kuwa daga shi sai matarsa, gama 'ya'yansu mata ne, duk sun yi aure a wasu garuruwa. Saboda haka kowace shekara in shinkafa ta nuna yakan kira gayya. Samarin gari su zo da laujunansu, matarsa ta dama kunu ta tuƙa tuwo, a taru a yanke gonar kafin rana ta faɗi. Haka al'adar garin take. Shi ma a ƙuruciyarsa ya yi wa iyayen samarin nan yanka, don haka ba wanda yake ganin alfarma ake yi masa.

Shinkafa kuwa ba ta jiran kowa. In ta nuna aka bar ta a tsaye, sai ta bushe ta riƙa zubewa ƙasa, abin da ya rage tsuntsaye su kwashe.

Mutumin nan yana da wani aiki ban da noma. Duk sa'ad da samarin ikilisiya za su buga ƙwallo, shi ne yake riƙe tuta a bakin fili. Wani malaminsu na firamare ne ya koya masa tun yana saurayi, ya kuwa riƙe aikin har furfura ta fito masa.

Aikin mai tuta ba shi da daɗin kallo. Alƙalin wasa yana cikin fili da usur a bakinsa, shi ne mai yanke hukunci. Mai tuta kuwa yana waje, a kan layin gefe, rabin fili ne rabonsa. In ƙwallo ta fita, ya nuna waɗanda za su yi jifa. In ta fita ta bayan raga, ya nuna ko kwana ce ko bugun mai tsaron gida. Amma babban aikinsa shi ne lura da satar gida, wato ɗan gaba ya riga 'yan bayan abokan karawa shigewa wajen raga tun ba a bugo masa ƙwallo ba. Domin ya ga wannan, dole ya tsaya daidai da ɗan baya na ƙarshe. In ɗan bayan ya matsa gaba, ya matsa. In ya ja da baya, ya ja da baya. Ba ya bin ƙwallo da ido kamar sauran jama'a. Kunnensa yana jiran ƙarar bugu, idonsa yana kan ƙafafu da kafaɗu.

Da yake tafiyar a kaikaice ake yinta, fuska tana duban fili, ƙafa tana jan gefe, yaran gari suka sa masa suna Ƙaguwa. Bai taɓa jin haushin sunan ba. In ya dawo gida matarsa takan tambaye shi, "Baban Bilhatu, wa ya fi iya wasa yau?"

Sai ya ce, "Ban sani ba, ƙafafu kawai na gani."

Ta ce, "Mutum ya wuni a filin ƙwallo ya dawo bai ga ƙwallo ba. Gara ni da na zauna gida, ina jin ihu na san an ci."

A ƙasar nan, in garuruwa biyu za su kara, alƙalin wasa daga wani gari dabam ake ɗauko shi, amma kowane gari yakan kawo mai tutarsa. Akwai kuma wani abu da kowa ya sani ko da yake ba a faɗarsa a fili. In 'yan wani gari ne suka yi satar gida, hannun mai tuta yakan yi sauƙi, tuta ta tashi nan da nan. In 'yan garinsu ne, sai hannun ya yi nauyi. Mutane sun saba da haka har sun daina kiransa rashin gaskiya. Cewa suke yi mai tuta ya san gida.

Wata shekara samarin Tudu suka yi ƙoƙari a gasar ikilisiyoyin gunduma, har suka kai wasan ƙarshe. Abokan karawarsu 'yan Ƙetare ne, garin da ke hayin rafi, wanda suke cin kasuwa ɗaya da shi. Aka sa wasan ranar Asabar a filin makarantar Tudu. A lokacin shinkafar manomin ta riga ta yi ja, ya kuma riga ya sa ranar gayya, saura kwana goma.

Kafin a fara wasa, Kefas, kyaftin ɗin Tudu kuma shugaban matasa, ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce, "Baba, yau dai hannun nan ya ɗan yi nauyi. Ka ga mai tutar Ƙetare can, in nasu ne tutarsa ba ta san hanyar sama ba."

Manomin ya amsa ya ce, "Ku dai ku buga, Kefas. In kun tsaya inda ya kamata, hannuna ba zai motsa ba."

Kefas ya yi dariya ya ce, "Mun ji, Baba. Mu ma laujunanmu suna nan a wase."

Ya faɗa kamar wasa, manomin kuwa ya ji abin da yake nufi.

Aka fara. Kafin hutun rabin lokaci 'yan gaban Ƙetare ne suke zuwa ɓangarensa. Suka yi satar gida ya ɗaga tuta, suka sake ya sake ɗagawa, mutanen Tudu suna tafi suna cewa Ƙaguwa ba ya barci. Wata tsohuwa har ta miƙa masa rake. Aka tafi hutu ba wanda ya ci. Da aka dawo, ƙungiyoyi suka sauya gida kamar yadda aka saba, shi kuwa yana nan a rabinsa. Yanzu samarin garinsu ne suke zuwa gabansa.

Wasa ya yi zafi, lokaci ya kusa ƙarewa, har yanzu ba ci. Sai Kefas ya sami ƙwallo a tsakiya ya ɗaga kai. Akwai wani saurayi mai gudu ana ce da shi Yunana, ɗan Dattijo Zakka. Zakka kuwa dattijon ikilisiya ne, abokin manomin tun suna yara. Yunana ya zabura. Manomin yana daidai da ɗan bayan Ƙetare na ƙarshe, ya ji ƙarar bugun Kefas, a daidai wannan lokaci kuwa kafaɗar Yunana da ƙafarsa ɗaya sun riga sun wuce. Tuta ta tashi tun bai yi tunanin ɗan wane ne ba.

Yunana ya tare ƙwallo ya buga, ta shige raga.

Fili ya ɗauki ihu. Jama'a suka kwarara ciki, aka ɗaga Yunana sama, mata suna guɗa. Alƙalin wasa bai dubi gefe ba. Ya busa usur, ya nuna tsakiya, ya juya wa manomin baya yana tafiya.

A ƙa'idar aikin, in ci ya yi kyau mai tuta yakan ruga zuwa tsakiya, alƙali ya gan shi ya san ba matsala. In ci bai yi kyau ba, sai ya tsaya cak inda yake, tuta a sama, har alƙali ya gani. Ba ya shiga fili, ba ya ihu, ba ya sauke hannu. In kuwa aka ajiye ƙwallo a tsakiya aka sake bugawa, magana ta ƙare, ba a komawa baya. Manomin ya san wannan duka. Ya san kuma cewa in ya sauke hannu yanzu, 'yan kaɗan ne suka gani, su ma nasa ne.

Ya tsaya.

Waɗanda suke bayansa suka fara magana ƙasa ƙasa. "Baba, sauke." "Ƙaguwa, ka haukace ne?" Wani ya ja masa riga. Sai ga Zakka ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Abokina, sauke hannun nan. Bai gan ka ba. Ba wanda zai ce ka yi laifi."

Bai juyo ba, gama idonsa yana kan alƙali. Hayaniyar ta daɗe, ana korar jama'a daga fili, ana neman ƙwallo. Kafaɗarsa ta fara zafi, ya sa ɗaya hannun ya tallafe gwiwar hannunsa. Yana kallo aka kawo ƙwallo tsakiya. A nan ne wani ɗan wasan Ƙetare ya hango tutar, ya ruga ya sha gaban alƙali yana nunawa.

Alƙalin ya juyo, ya taho a hankali, jama'a suka biyo shi suka kewaye su.

Ya ce, "Baba, me ka gani?"

Manomin ya ce, "Satar gida. Lokacin da aka bugo, mai lamba tara ya riga ya wuce da kafaɗa da ƙafa ɗaya."

"Ai ɗan garinku ne."

"Ɗan garinmu ne. A gabana aka haife shi."

Alƙalin ya dubi manomin, ya dubi taron da ya kewaye su, ya dubi rana da ta yi ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Daga inda nake, na ga kamar suna daidai. Ci ya zauna." Ko tsoro ne ya sa shi, ko kuwa haka ɗin ya gani, Allah ne ya sani.

Manomin ya sauke tutarsa, ya koma wurinsa a kan layi. Kyaftin ɗin Ƙetare ya biyo shi kamar zai yi kuka, yana cewa, "Baba, ka gaya masa mana, kai ne ka gani."

Ya ce, "Na gaya masa, ɗana. Usur yana hannunsa. Koma ka buga."

Ba a daɗe ba aka tashi. Tudu ta ɗauki kofi. Manomin ya naɗe tutarsa ya tafi gida shi kaɗai, 'yan Ƙetare suna ganin bai tsaya musu ba, 'yan Tudu suna ganin ya ci amanarsu.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila an manta. Amma ran kasuwa ta zo. Duk inda saurayin Tudu ya bi, sai ya ji wani daga rumfa yana cewa, "Ina masu kofin sata? Ku yi mana arha, ai kun saba samu a banza." In ya tsaya gardama, sai a ce masa, "Mu ba mu ce kome ba. Ƙaguwarku ce ta gani." Yunana kuwa suka sa masa suna Ɓarawon Gida, har 'yan mata masu tallar gyaɗa suna kiransa da shi. Ya bar kasuwar tun rana ba ta yi tsaka ba. Kofin da aka ajiye a gaban majami'a ya zama abin da samari ba sa son kallo.

Da la'asar Zakka da Kefas suka zo gidan manomin. Matarsa ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo ruwa, ta koma bakin murhu inda take jin kome. Bayan gaisuwa Zakka ya ce, "Abokina, ba faɗa ya kawo mu ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Ran Lahadi in an zo sanarwa, ka miƙe ka ce rana ce ta shiga idonka, ba ka gani da kyau ba. Magana za ta kai Ƙetare, bakinsu ya mutu, samari su zo maka gayya, kowa ya huta."

Manomin ya ce, "Zakka, rana tana bayana. Kowa ya san gefen da nake tsayawa."

"To, ka ce ƙura ce, ka ce tsufa ne. Wa zai bincika? Saboda zaman lafiya nake roƙonka. Ɗana ba ya iya fita ƙofar gida."

Wannan ya taɓa zuciyar manomin, gama yana ƙaunar yaron. Ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya ce, "Akwai abin da zan iya faɗa, a majami'a ko a tsakiyar kasuwa. Zan ce Yunana ba ɓarawo ba ne, gudu ne ya ɗebe shi, kowane ɗan gaba yana yin haka. Zan ce alƙali ya yanke hukunci, na kuwa bi, kofi naku ne bisa ga hukuncinsa. Amma in ce ban ga abin da na gani ba, wannan ba zan iya ba."

Kefas ya ce, "Baba, wannan ai ƙara musu gishiri ne."

"Shi ne abin da nake da shi."

Kefas ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. Ya ce, "To, Baba, sai ka aika Ƙetare su zo su yi maka yanka, tun da su ka yi wa aiki." Zakka ya tsawata masa don rashin kunya, amma shi ma ya tashi, suka fita tare.

Sa'ad da suka tafi, matar ta zo ta zauna a bakin tabarma. Ta ce, "Baban Bilhatu, ci ya zauna. Kofi yana hannunsu. Tutarka ba ta canza kome ba, sai baƙin jini da ta jawo mana. Yanzu kuma shinkafar da za mu ci shekara za ta bi ta. Na riga na jiƙa gero."

Ya ce, "Na sani."

"Ni ban san satar gida ba, ban san kwana ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka gani da kyau?"

"Kamar yadda nake ganinki yanzu."

Ta dubi ƙasa. Can ta ce, "To, ka wasa lauje biyu. Nawa ya daɗe bai ga dutse ba."

Ran Lahadi da aka zo sanarwa, jama'a suka juyo suna dubansa. Ya miƙe ya faɗi abin da ya ce zai faɗa, bai ƙara ba, bai rage ba, ya zauna. Ba wanda ya ce amin.

Ranar gayya matar ta tashi da sassafe ta dama kunu cike da manyan tukwane, gama ta ce ba za a ce samari sun zo ba su tarar da kome ba. Suka kai gona suka zauna a gindin bishiya suna duban hanya. Rana ta fito, ta ɗaga, hanya ba kowa. Da ta tabbata ba masu zuwa, ta ɗauki kunun ta koma gari, ta bi gidajen samarin ɗaya ɗaya tana zuba wa iyayensu mata, tana cewa, "Ga shi, kada ya lalace." Ba ta ƙara kalma a kai ba. Ta dawo ta ɗaura zane da kyau, ta ɗauki laujenta.

Suka shiga yanka su biyu. Suka fara daga gefen tudu inda shinkafar ta fi bushewa. Kowace safiya suna gona tun raɓa ba ta bushe ba, gama da raɓa shinkafa ba ta cika zubewa ba. Bayansa ya riƙe, tafin hannunta ya yi kanta ya fashe. Suna yanka suna jin ƙwayoyi suna zuba a ƙafafunsu. Tsuntsaye suka gane gonar ba ta da mutane, suka riƙa sauka a ƙarshenta wajen rafi, in ya kore su nan su koma can. Samari sukan wuce ta hanya su kau da kai. Shi kuwa in ya gan su yakan ɗaga murya ya gaishe su da sunayensu.

Wata rana da hantsi, matar ta tafi ɗebo ruwa, ya ɗaga kai sai ga Yunana tsaye a bakin gona, hannu a aljihu. Ya gaishe shi, manomin ya amsa yana ci gaba da yanka. Saurayin ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya duba hanya dama da hagu, ya ce, "Baba, da yawa na wuce?"

"Ba da yawa ba. Kafaɗa da ƙafa ɗaya."

"Na sani. Ina tashi na ji a jikina na yi sauri. Har na saci kallonka, na ga tutar tun kafin in buga."

Manomin ya ci gaba da yanka.

Yunana ya ce, "Amma ba zan iya faɗa ba, Baba. Su Kefas za su cinye ni ɗanye."

"Ban ce ka faɗa ba. Ka gai da mahaifinka."

Laujen matar yana nan a kan dami, kusa da ƙafar saurayin. Yunana ya dubi laujen, ya dubi shinkafar da ta rage a tsaye har bakin rafi. Sai ya ji muryoyin abokansa daga hanya. Ya juya ya tafi.

Manomin da matarsa suka gama abin da za su iya gamawa. Ƙarshen gonar wajen rafi ya zube, tsuntsaye suka cinye. Abin da suka kai gida bai cika rumbu ba, a shekarar nan kuwa da awo suka ci abinci har sabuwa ta fito. Samarin ba su zo ba, ba a kuma mayar da kofin ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa.

Layin da mutumin ya tsaya a kai shi ne wurin da Ubangiji ya ajiye kowannenmu. Yawancinmu ba a tsakiyar fili muke ba, ba mu da usur, ba mu ne masu yanke hukunci ba. Amma daga inda aka tsayar da kai akwai abin da kake gani wanda ba mai ganinsa sai kai. Malama tana ganin abin da ya faru a ajinta. Mai jinya tana ganin abin da aka yi wa mara lafiya sa'ad da likita ba ya nan. Uwa tana ganin abin da ɗanta ya shigo da shi gida wanda ba nasa ba ne. Tutar ita ce shaidarka, wato ka faɗi abin da ka gani yadda ka gan shi.

Ku lura, mutanen Tudu ba su ƙi gaskiya ba. Sun tafa mata sa'ad da ta faɗa a kan 'yan Ƙetare. Da ta juyo kansu ne suka ce cin amana ce. Mu ma haka muke. Muna da ido mai kaifi a kan laifin wata ikilisiya, da wata kabila, da 'ya'yan maƙwabta. In namu ne sai hannu ya yi nauyi, mu ce muna rufa asirin gida. Ubangiji kuwa ba shi da ma'auni biyu, ba ya kuma so a same su a hannun 'ya'yansa.

Ku lura kuma da abin da mutumin bai yi ba. Da alƙali ya ƙi maganarsa, bai shiga fili ya ƙwace usur ba, bai tara 'yan Ƙetare su ta da rigima ba, bai bi gari yana ɓata sunan Yunana ba. Ya faɗa wa wanda ya kamata ya ji, ya koma bakin aikinsa. Akwai masu son gaskiya da suke mantawa da wannan, su mai da shaida ta zama sanda. Ba a ba mu hukunci ba, shaida aka ba mu. Masu hukunci na duniya suna iya kuskure, suna iya jin tsoro. Akwai Alƙali wanda ba ya juya wa kowa baya, ba kuma taron da zai kewaye shi ya sa ya canza magana. Shi ya ga tutar tun lokacin da ta tashi.

Gwaji mafi wuya bai zo a fili ba, inda ake ihu. A kan tabarma ya zo, daga bakin aboki, dattijon ikilisiya, da murya mai taushi, da sunan zaman lafiya. Zakka ba mugu ba ne, uba ne da ɗansa yake shan kunya. Irin wannan roƙo shi ne zai zo muku. Za a ce kalma ɗaya ce, ba wanda zai bincika. Ku yi kamar manomin. Ku nemi duk abin da za ku iya faɗa na alheri wanda yake gaskiya, ku faɗe shi da zuciya ɗaya. Abin da ba gaskiya ba kuwa ku bar shi, ko da shinkafa tana zuba.

Na san waɗansunku suna jira in ce daga baya samarin sun tuba sun zo da laujuna, ko rumbun ya cika ta wata hanya. Ba haka misalin ya ce ba, gama ba kullum haka yake faruwa ba. Wani lokaci mai gaskiya yakan yi hasara ta ainihi, maganarsa kuma ba ta canza kome a idon mutane. In muna faɗar gaskiya ne don a biya mu kafin kaka ta wuce, ba za mu daɗe muna faɗarta ba. Muna faɗarta ne domin na Ubangiji muke, shi kuwa mai aminci ne, ya san abin da ya zube a kowace gona. Wanda yake da mai tsayawa tare da shi, kamar matar nan da ta yi tambaya ɗaya ta ɗauki lauje, sai ya gode wa Allah.

Amma ina tsammani kaɗan ne a cikinmu suke tsaye inda manomin ya tsaya. Da yawanmu muna inda Yunana ya tsaya, a bakin gona, hannu a aljihu. Mun san wanda ya faɗi gaskiya a gidanmu, ko a wurin aikinmu, ko a cikin ikilisiyar nan, aka juya masa baya. Mun san yana da gaskiya, gama muna wurin. Muna gaishe shi a ɓoye in ba mai ganinmu. In kai ne wannan, ɗan'uwa, in ke ce, 'yar'uwa, mutumin nan yana can yana yanka shi kaɗai, akwai kuma sauran shinkafa a tsaye. Abokanka za su gan ka daga hanya. Bari su gani. Sauka ka ɗauki laujen.